Kawu Douwe Ya Zaɓi Ja

Sneek, 14 ga Oktoba, 2007

Zuwa ga 'yata Renske,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma zafin ƙasar nan da jirginku yake yasar tekunta bai mayar da ke busasshen kifi ba. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da take sanar da ni sanyi na tafe tun masu hasashen yanayi ba su farga ba. Kunnen nan mai nauyin ji yana nan yadda kika bar shi, don haka kada ki sake wahalar da kanki da waya. Wanda ya yi shekara talatin da takwas yana raba wa mutane wasiƙu a kan keke ya cancanci a rubuto masa tasa.

To, ga magana. Na yarda zan koma ƙaramin ɗakin nan na gidan dattawa a watan Afrilu. Ba wai likita ya fi ni sanin jikina ba ne, matakalar gidan nan ce ta fara raina ni. Ina cikin fitar da tarkace daga ɗakin ƙarƙashin rufi sai na ci karo da tsohon majigina da gwangwanayen fim guda shida. Ina buɗe na farko wari ya buge ni, irin na tulun kabeji mai tsami da marigayiya matata, Innarki Hiltje, take ajiyewa a bayan ƙofa. Na kai wa mai shagon hoto, ya ce zaren fim ɗin ne yake ruɓewa, nan da 'yan shekaru zai manne ya zama dunƙule.

Biyar daga ciki shirme ne, tafiye-tafiye da bikin maƙwabta. Na shidan kuwa mahaifiyarki ce, ƙanwata Aukje, tana gudu da takalmin sulɓi a kan ƙanƙarar koramar bayan gari da ta daskare, hunturun 1979. Minti goma sha ɗaya. Shi kaɗai ne hotonta mai motsi da za a iya kallo a duniyar nan.

Mai shago ya ce zai iya juye shi a sabon faifan nan mai fitar da hoto tas, wanda ake ta hayaniya a kansa. Matsalar ita ce iri biyu ne. Akwai HD DVD mai jan kwali, akwai Blu-ray mai shuɗin kwali, kuma injin wannan ba ya karɓar faifan wancan. Kamfanonin fim ma sun rabu biyu, kamar coci biyu a ƙauye ɗaya, kowa na jiran jana'izar ɗan uwansa. Jama'a sun tsaya a bakin shaguna hannu a aljihu, ba mai son ya sayi wanda zai mutu.

Na san dariya kike yi. Ban manta da 1982 ba, kuma ba a bar ni na manta ba. Na sayi injin bidiyo mai kaset ɗin da ake juyawa ciki da baya, Sietse ƙanin Innarki ya sayi ɗaya irin. Ba a daɗe ba nawa ya ɓace daga shaguna, injin ya lalace, aka rasa mai gyara. Kaset ɗin da na ɗauki bikin zagayowar ranar haihuwar Aukje na ƙarshe, kina zaune a cinyarta, yana nan a aljihun tebur, ba abin da zai buɗe shi. Tun daga nan duk bikin da aka jera kujeru aka zagaye falo, da an raba kofi sai Sietse ya gyara murya: “Douwe, me za ka saya bana? Faɗa mana mu sayi ɗayan.” Ya yi mini haka a kan mota, ya yi mini a kan injin yankan ciyawa.

Amma wannan karon na yi bincike. Injin ja ya fi araha, sunansa kuma ya yi kama da faifan da mutane suka saba da shi. Na shekara talatin da takwas ina leƙa ƙofofin mutanen ƙasar nan, na san su sarai: abin da suka sani suke saya, in ya zo da sauƙi. Ja ne zai ci, ko shakka ba na yi. Duk da haka uwarki ce, shi ya sa ban ba mai shago amsa ba sai na ji ta bakinki.

Naki,
Kawu Douwe

Daga cikin jirgi, Tekun Fasha, 2 ga Nuwamba, 2007

Kawuna,

Na gaishe ka, na gaida gwiwa, na gaida kunnen da ba ya jin waya amma yana jin duk abin da Baba Sietse ya faɗa daga ƙarshen falo. Ina lafiya. Aiki ne dai ya yi mana yawa, babban famfon da ke zuƙo yashi ya ƙi mu kwana huɗu, ni da mutanena muna ciki awa goma sha biyu kullum. Har a cikin burodi yashi nake ji.

Na ji daɗi da ka yarda da maganar gidan dattawa, ko da yake na lura matakala ka ba girman, ba ni da na shekara biyu ina roƙonka ba.

Rigimar faifan nan har nan ta iso. Kukunmu ɗan Beljiyam ya rantse shuɗi ne zai ci, wai ya fi ɗaukar kaya, kuma injin wasan da yara suke hauka a kai shi yake karɓa. Mataimakin kyaftin yana bayan ja, dalilansa irin naka. Kyaftin ya ce ba za a sayi ko ɗaya a ɗakin cin abinci ba sai an ga gawa. Da ni ce da jira zan yi, amma na gane fim ɗinka ba shi da lokacin jira.

Ka zaɓi wanda ka ga dama, Kawu, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa. Ni fa ko fuskarta ban riƙe ba. Shekarata huɗu lokacin da ta rasu.

Ƙaramin jirgin da ke kai wasiƙu gaɓa yana busa ƙaho, dole in rufe haka. Ka riƙa sa hula in za ka hau keke.

Taka,
Renske

Sneek, 20 ga Nuwamba, 2007

Renske,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, gwiwa ma ta yi shiru, wataƙila ta ga ba ni da lokacinta.

Wasiƙarki ta zo, na karanta ta sau uku, na ukun da sabon tabarau ko zan ga wani abu daban. Na fahimta. Ba laifinki ba ne, yarinya 'yar shekara huɗu ba ta riƙe fuska, kuma mu muka raine ki, ni da Hiltje, fuskokinmu kika sani. Ni ne na kwaso kayan tsofaffi na ɗora miki alhali kina da famfonki da yashinki. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu. Amma ya wuce, ba zan sake damunki da zancen ba bayan wannan.

Na zaɓi ja. An juye, na karɓo ranar Alhamis, na haɗa da injinsa da sabuwar talabijin mai faɗi. Sietse ne ya taya ni shigo da ita. Yana ajiyewa ya hango jan kwali a kan tebur, sai ya nemi kujera ya zauna yana dariya har da tari. Ya ce ya gode, na hutar da shi karatun jarida, yanzu ya san wanda zai mutu. Na ce masa ya sha kofinsa ya kama hanya, nan da shekara zai zo aron faifai.

Hoton kuwa sai wanda ya gani. Zaren ulun hularta ɗaya bayan ɗaya ake ganinsa, har da tururin numfashinta. Majigin nan bai taɓa nuna mini rabin haka ba. Duk wanda ya ce akwai abin da ya fi wannan, bai kalla ba ne.

Gwangwanayen kuma na rabu da su. Sabon ɗakin ba shi da wurin ajiya, kuma ba zan shiga gidan mutane da warin kabeji ba. Tunda komai yana kan faifai, ke kuma ba buƙatarsu kike ba, na ɗora su a tirelar Sietse tare da majigin da karyayyun kujeru, ya kai jujin gunduma ranar Asabar. Sau biyu yana tambayata ko na tabbata. Na ce masa ban taɓa tabbata da wani abu kamar haka ba.

Kawunki,
Douwe

Daga cikin jirgi, 12 ga Janairu, 2008

Kawu,

Ina fata kana lafiya, da gaske nake, don ina so ka kasance da ƙarfin karanta abin da zan rubuta. Ni jikina lafiya. An canza mana wurin aiki a ƙarshen Nuwamba, jakar wasiƙu ta yi ta bin mu daga tasha zuwa tasha, sai jiya taka ta iso, bayan sati bakwai. A tsaye na fara karanta ta, ban san lokacin da na zauna a kan igiya ba.

Na ce ban riƙe fuskarta ba, kai kuma ka ji ban damu ba? Kawu, abin da ya fi ci mini rai ke nan a duniya na faɗa maka. Hotuna biyu nake da su, ɗaya ta runtse ido, ɗaya tana nesa. Ban san yadda take tafiya ba. Ban san ko tana rufe baki in tana dariya ba. Ranar da na karanta cewa akwai minti goma sha ɗaya, sau uku ina fara amsa ina yagawa, ƙaho ya busa, na aika abin da hannuna ya iya rubutawa. Launin kwali ne ban damu da shi ba. Tun daga ranar nake ƙirga kwanakin da suka rage in dawo a watan Yuni.

Kai da ka shekara talatin da takwas da jakar wasiƙa a kafaɗa, ba ka san ana rubuta rabin magana a aika ba? Ba za ka tambaye ni ba kafin ka kira tirela?

Kuma na san ka ji labari, ko da kunnen hagu ne. Satin da ya wuce ɗaya daga manyan kamfanonin fim da ke buga iri biyun ya ce ya koma shuɗi kaɗai. Washegari kyaftin ya aika aka sayo injin shuɗi, kuku yana ta yawo da ludayi kamar shi ya ci yaƙin. Mataimakin kyaftin ya daina zancen gaba ɗaya.

Da bakinka ka ce mini akwai kaset a aljihun tebur da ba abin da zai buɗe shi. Ina ciki, a cinyarta, ban taɓa gani ba. Yanzu ka sake saka ta a wani abin da injinsa zai ɓace, ka kuma zubar da na asalin. In injinka ya tsaya nan da shekara biyar, wa zan kai wa? In na haihu, me zan nuna?

Ka je jujin. Ka je wurin Baba Sietse. Ka je wurin mai shago ka tambaya ko ya ajiye kwafi a kwamfutarsa. Ka ajiye girman kan nan ka tambaya. Ina fushi da kai sosai, kuma ka sa hula.

Renske

Sneek, 27 ga Janairu, 2008

'Yata,

Na gaishe ki. Tari ya ɗan kama ni, ba wani abu ba ne, na hau keke ne cikin ruwan sama ranar da wasiƙarki ta zo. Da hula.

Na yi miki laifi. Na karanta layi ɗaya na yanke hukunci, abin da na sha yi wa mutane faɗa a kai a bakin ƙofarsu. Abin yana cina, ba na jin daɗin abinci.

Ga abin da na samo, ba zan yi miki kwaskwarima ba. Matar da ke gadin juji ta dube ni kamar na zo neman ruwan saman bara, ta ce kayan Nuwamba an daɗe da ƙone su. Mai shago ya ce wata guda yake ajiye kwafi sannan ya goge, wai an rubuta haka a bayan takardar da ya ba ni, takardar da ban juya ba. Na tambaye shi ko za a iya kwashewa daga ja a mayar shuɗi, ya ce shi dai yanzu ba shi da kayan yin haka, wataƙila nan gaba. Sietse kuma na tambaye shi a kaikaice, muna gyaran shinge. Ban faɗa masa zancen wasiƙarki ba, ba zan ba shi wannan ya tafi da shi gidan biki ba. Ya ce ya kai kaya inda ya kamata, ya ci gaba da buga ƙusa.

Amma ki saurara, don na zauna na yi tunani. Kuskurena na 1982 ba kaset ba ne, injin guda ɗaya da na saya ne. Da ina da uku, da yanzu kin ga kanki a cinyarta. To yanzu shaguna sun tsorata suna ta karya farashin injin ja, na je na ɗauko biyu. Suna ƙarƙashin gado a kwalayensu, ko leda ban cire ba. In na farko ya shekara goma, na biyu goma, na uku goma, kin ga har jikokinki sun gani. Yarinyar shagon ta tambaye ni ko na ji labarai, na ce na ji, ta naɗe mini kawai.

Kuma kada kukunku ya cika baki. Kamfani ɗaya ne ya sauya sheƙa, wasu suna nan. Ja ciwo yake, bai mutu ba. Na ga mutanen da likita ya sallama sun binne likitan.

Naki, mai neman afuwa,
Kawu Douwe

Sneek, 24 ga Fabrairu, 2008

Renske,

Gaisuwa. Tari ya tafi, gwiwa tana nan, jiya na cika saba'in da biyar. Ki zauna kafin ki ci gaba, ba na son ki sake faɗawa kan igiya.

Ja ya mutu. Ranar Talata masu yin injin suka fito suka ce sun daina. Na ji a rediyo da kunnen da ke ji, na kashe, na fita na share ƙofar gida da ba ta buƙatar shara. Kwana huɗu kafin bikina. Ko roƙa Sietse ya yi ba zai samu daidai haka ba.

Jiya da rana aka zo, aka jera kujeru aka zagaye falo kamar kullum, mu goma sha ɗaya. Kowa ya shigo ya bi layi yana yi wa kowa murna, aka raba kofi da kek, aka yi zancen ruwan sama da na gidan dattawa. Ba wanda ya dubi talabijin. Sietse ya sha kofi na farko bai ce komai ba, har na fara tunanin ko tsufa ya sa masa tausayi. Ana zuba na biyu ya miƙe, ya ce yana son ya yi wa dangi ta'aziyya, an yi rashi ranar Talata, kuma ya ji an bar marayu uku, ɗaya a falo biyu a ƙarƙashin gado. Yadda aka yi ya san zancen ƙarƙashin gado ban sani ba, garin nan ba a ɓoye komai. Aka yi ta dariya, na ce su yi, kek ɗina suke ci.

Sai ya miƙo mini ƙunshi a takardar kyauta. Na buɗe, shuɗin kwali ne. Na ɗauka wani fim ya sayo don ya ƙara mini haushi, har na ɗaga hannu zan ajiye, sai na ga rubutunsa a jiki, wannan rubutun nasa mai kama da tafiyar kaza: Aukje, 1979.

“Ina ka samo wannan?” na ce.

“A tirelata,” in ji shi. “Kai ka ɗora. Shekara ashirin da biyar ina sayen abin da ba ka saya ba, ban taɓa nadama ba. Ranar da na ga jan nan a teburinka na san inda zan kai gwangwanayen. Kujerun na kai juji.”

Ashe ranar Litinin da ta biyo baya ya tuƙa har birnin Leeuwarden, ya kai wani shago can don kada namu ya tona masa asiri, ya ce a juye masa a shuɗi. Gwangwanayen shida kuma suna firjin garejinsa kusa da kifinsa, wai an ce masa sanyi yana rage ruɓewar. Wata uku yana riƙe da abin a ciki yana jiran ranar bikina.

Nan take na faɗa masa zancen wasiƙarki, duka, a gaban kowa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, “Tsohon banza, da ka buɗe baki a wurin shingen nan, da yarinya ba ta yi wata guda da baƙin ciki a tsakiyar teku ba.” Na ce da shi ma ya amsa tambaya kamar mutum. Muka yi ta yi har maƙwabciya ta ce kofi yana hucewa. Gaskiyarsa ce, amma ban faɗa masa ba, kada ki faɗa masa.

Ga faifan nan a cikin wannan ambulan, na naɗe shi da safar hannu biyu. Ya sa an yi kwafi biyu, ɗaya yana wurinsa. Ki kai wa injin kukunku. Na je gidan Sietse yau da safe na kalla a nasa, ba laifi, amma ja ya fi fitar da farin ƙanƙara. Wannan ko a gaban alƙali zan maimaita.

Kawunki,
Douwe

Daga cikin jirgi, 16 ga Maris, 2008

Kawuna,

Ina gaishe ka da kyau, ina yi maka murnar saba'in da biyar ko da ta makara. Ina lafiya, lafiyar da na daɗe ban ji irinta ba. Na huce. Baba Sietse zan rubuta masa tasa daban, amma ka sumbace mini saman kansa in zai tsaya.

Yau Lahadi bayan abincin rana na roƙi mutane su ba ni ɗakin. Kuku ya kore su da tawul, ya saka mini faifan, ya ja ƙofa.

Kawu, ashe doguwa ce. Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Tana gudu hannu biyu a baya, ta ɗan sunkuya, kamar ba ta san akwai faɗuwa a duniya ba. Ba ta rufe baki in tana dariya, duk haƙoranta a waje, har da wanda ya ɗan hau kan ɗan uwansa irin nawa. Gashi yana faɗo mata a ido tana ture shi da bayan hannu, abin da Inna Hiltje ta yi ta hana ni wai ba kyau. Na yi kuka har na gode wa kuku da ya rufe ƙofa. Sai kuma na yi lissafi: farkon 1979, ni kuma an haife ni a watan Agusta. Ina nan a cikin fim ɗin, a ƙarƙashin rigar sanyin nan mai ruwan toka. Ka san haka, ko?

Akwai abin da nake son ka faɗa mini. Dab da ƙarshe, kusa da gada, hannunka ya shigo hoton yana nuna hagu. Ta ja birki ƙanƙara ta tashi, ta juyo ta dube ka, ta faɗi wata magana tana dariya, sannan ta bi dama. Daga nan hoton ya girgiza, sai sama kawai ake gani, sai ya ƙare. Fim ɗin ba shi da murya, amma leɓenta a fili suke, sau tara ina mayarwa ban kama ba. Kai kaɗai ka rage da ka ji. Me ta ce maka?

Kuma wannan karon na rubuta maganata duka, ba rabi ba.

Taka,
Renske

Sneek, 29 ga Maris, 2008

'Yata Renske,

Na gaishe ki, na ji daɗin jin kin huce. Ina lafiya. Kwalaye sun cika falo, ranar Laraba tirelar Sietse za ta kwashe ni, wannan karon ina zaune a gaba ina kallon inda zai kai kaya.

Eh, na san kina ciki. A safiyar ranar ta faɗa mini, shi ya sa na yi ta bin ta da faɗa, na ce mai juna biyu ba ta da abin yi a kan ƙanƙara. Ta ƙi ji. Da muka iso gada, inda ƙanƙara ba ta da tabbas, sai na ce to tunda ta nace, ta bi hagu, na duba da kaina, nan ne ya fi kauri.

Abin da ta ce shi ne: “Tunda kai ka ce nan, Douwe, ni can zan bi.”

Ta bi dama, ta wuce da ke lafiya lau. Ni kuwa na bi hagu don in nuna mata, ina riƙe da abin ɗaukar hoto. Saman da kika gani, ni ne nake nutsewa har ƙugu. Gwiwar hagu ta bugi ginshiƙin gada, ita ce take gaishe ki a kowace wasiƙa. Wanda ya jawo ni waje da igiya Sietse ne, don haka ba ni kaɗai na ji ba, yana tsaye a gefe.

Kin ga tsokanar nan ba tasa ba ce, ara ya yi. Bayan rasuwarta, a bikina na farko da aka zagaye falo babu kujerarta, ba mai iya ɗaga kai, shi ne ya gyara murya ya tambaye ni me zan saya. Kin sha tambayata me ya sa ban taɓa korarsa da gaske ba. Duk shekara in ya faɗa, muryarta nake ji, kuma ina jira. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, shi ma bai taɓa nuna ya sani ba.

Ki zo a Yuni kamar yadda kika ce. Ɗakin ƙarami ne amma na auna, kujera uku za su shiga. Injin ja ɗaya zai hau tebur, biyu ƙarƙashin gado, Sietse zai kawo nasa shuɗin. Mu kalli duka biyun, nawa tukuna, sannan ki dube shi ido da ido ki faɗi wanda ya fi fitar da farin ƙanƙara.

Naki har kullum,
Kawu Douwe